Tsohon Zarto: Ko A Gyara Ko A Sake

Cikin tambayoyin da kan dami mai sana'a akwai wata wadda ba ta da girma ga ido, amma ta kan hana barci. Ita ce, in kayan aikin mutum ya tsufa ya fara gazawa, shin gyara ya kamata ya yi masa, ko kuwa ya fid da shi ya sayi sabo? Manomi ya kan gamu da ita a kan garma, tela a kan keke, direba a kan mota. A nan za a ɗauki kafinta da injin zartonsa, domin a wurinsa al'amarin ya fi fitowa fili, tun da kuɗin na da yawa, kuma abin da ke cikin hatsari ya wuce kuɗi. Wanda ya hangi tambayar daga nesa sai ya ce ai lissafi ne kurum, a auna kuɗin gyara da kuɗin sabo, a bi wanda ya fi sauƙi. Da haka ne, da ko yaron da ya gama elementare ya isa ya yanke hukunci. Abin da ya sa ta ke da wuya shi ne, mai yin lissafin shi ne kuma mai son rai a ciki. Sau da yawa ya kan riga ya zaɓi amsa a zuci, sa'an nan ya zauna ya nemo alƙaluman da za su goya masa baya.

Injin da a ke magana a kansa shi ne irin wanda ruwansa ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Ɗamara ce ta ƙarfe, siririya, mai haƙora a gefe guda, an haɗa bakinta biyu da walda, an ɗaura ta bisa wili biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Injin lantarki na juya wilin ƙasa, ɗamarar kuwa ta yi ta gangarowa ta tsakiyar teburi ba tsayawa, kafinta yana tura katako gare ta. Sabo da wannan siffa za a kira shi zarton ɗamara. Ya fi zarto mai faifai abu biyu. Yana yanka lanƙwasa, kamar ƙafar kujera ko bakan ƙofa, kuma da ya ke ruwansa siriri ne, kaɗan ya ke mayarwa dusa cikin katakon da ya tsaga. Wannan na biyun ba abin rainawa ba ne ga wanda ke sayen maɗaci ko loko da tsadar da su ke yi.

Tarihin injin nan yana da wani darasi da ya dace a fara da shi. Wani Bature, William Newberry, ya sami takardar mallakar wannan dabara a Ingila a 1809. Wili biyu da gangar jiki ba su yi wa maƙeran zamanin wuyar ƙira ba. Abin da ya gagare su shi ne haɗa bakin ɗamarar yadda za ta jure lanƙwasawa da miƙewa sau dubbai ba ta tsinke a mahaɗa ba. Sabo da haka dabarar ta zauna kusan shekara 40 ba ta da wani amfanin kirki, har a 1846 wata mace Bafaransa, Anne Paulin Crepin, ta samo hanyar haɗin da ke riƙewa, wani kamfani na birnin Faris mai suna Perin ya sayi izinin yin aiki da ita. Daga nan ne injin ya bazu cikin Turai da Amurka. Watau tun asali, dukan wannan tarin ƙarfe mai nauyi bawa ne ga siririyar ɗamarar nan. Ita ke yanka, sauran duk riƙe ta su ke yi.

To, wannan shi ne abin da masu injin suka fi mantawa. Kafinta ya ga zartonsa ya fara karkacewa, ya ja layi miƙaƙƙe amma yankan ya bi wani wuri, ko ya ga katako na ƙonewa yana hayaƙi, sai ya ce inji ya tsufa. Alhali kuwa in an bincika, galibi ruwan zarton ne ya dakushe. Haƙoran zarto a baje su ke, wannan ya karkata dama wancan hagu, in na gefe guda suka ci karo da ƙusa ko tsakuwa suka dakushe, tilas yankan ya janye wajen gefen da ke da kaifi, kome sabuntar injin. Wani lokaci kuma ruwan lafiya lau ya ke, sai dai ba na aikin ba ne. Mai tsaga katako mai kauri yana bukatar ruwa mai faɗin kamar rabin inci, mai manyan haƙora, wajen 3 cikin kowane inci, domin dusa ta sami wurin fita. In ya sa mai ƙananan haƙora, irin na yanka falange, dusa ta cushe tsakaninsu, ruwan ya yi zafi, ya lalace nan da nan. Bayan ruwa, akwai robar da ke naɗe da bakin wili, wadda kan bushe ta tsattsage da tsufa. Akwai boris da kan cinye, da bel da kan saki, da sifirin mai ɗaure ruwan wanda kan gaji, da 'yan ƙarafan da ke dafe da ruwan dama da hagu da baya don kada ya kauce. Duk waɗannan abubuwa ne da aka yi su don su ƙare a sake su, kamar yadda a ke sake wa doki linzami da ragama ba a ce dokin ya mutu ba.

Sabo da haka haƙƙi na fari da ke kan mai inji shi ne ya san ciwon kafin ya yanke hukunci. Wanda bai sa sabon ruwa ba, bai daidaita madafansa ba, bai duba roba da boris ba, sa'an nan ya ce inji ya ƙare, ya yi shaidar zur ne a kan abin da ba shi da bakin kare kansa. Kuma hukuncin zai biyo shi, don in ya sayi sabon, hannun da ya lalata tsohon shi zai riƙe shi. Bayan wata shida sabon ma zai fara karkacewa, ya koma yana zagin maƙeran zamani.

In an gama da waɗannan, sai a dubi ƙashin injin, watau gangar jikinsa da wili biyun da sandunan da su ke juyawa a kai. A nan tsofaffin injuna suka yi suna. Akwai wani zarton ɗamara mai wili na inci 14 wanda kamfanin Delta na Amurka ya fara ƙerawa cikin shekarun 1930, gangar jikinsa ta ƙarfen zubi. Ya karɓu har daga baya masana'antu a Taiwan da ƙasar Sin suka yi ta kwaikwayonsa, abin da ya sa kayan gyaran da yawa daga cikinsu ke shiga juna, kuma ba su da wuyar samu. Haka kuma manyan injunan kamfanin Wadkin, wanda aka kafa a Lesta ta Ingila a 1897, an zuba musu ƙarfe ba ƙyashi, nauyin nan kuwa shi ke shanye girgiza ya sa yanka ya fita sumul. Ƙarfen zubi ba ya gajiya da zama. In bai tsage ba, bai sha faɗuwa ba, injin da ya shekara 60 yana iya tsayawa daidai kamar ranar da aka ƙera shi. Irin wannan, in ruwansa da robarsa da borisansa duk sun mutu, ba a yi hasarar kome ba. Hausawa na cewa in ruwa ya zube ya bar tulu ya yi kyau.

Amma fa ƙarfen zubi yana da nasa hali. Ba ya lanƙwasawa, sai dai ya tsage, in kuwa ya tsage walda ba ta cika kama shi ba. Zafin walda kan sa ya murɗe, ko ya sake tsagewa kusa da ɗinkin sa'ad da ya ke hucewa. Gwanin mai walda ya kan iya ceto ƙaramin wuri, amma tsaga a wuyan inji, inda dukan ƙarfin ɗaurin ruwa ya ke taruwa, wannan wani abu ne dabam. Haka nan wilin da ya murɗe, ko sandar da ta lanƙwashe in ba a sami madadinta ba. Wanda ya ga irin wannan ya san ciwo ya kai ƙashi.

Akwai kuma gazawar da ba ciwo ba ce, iyakar halitta ce. Zarton nan mai inci 14 an yi shi ya tsaga katakon da kaurinsa bai wuce wajen inci 6 ba. Ana sai da wani dungun ƙarfe da a kan saka a wuyansa a ɗaga kan, sai ya karɓi katako mai inci 12, a sake masa ruwa daga mai tsawon inci 93 da rabi zuwa mai inci 105. Mutane da yawa sun yi haka sun ji daɗi. Amma dungun nan tsawo kaɗai ya ke ƙarawa. Bai ƙara wa injin lantarkin ƙarfi ba, wanda a tsofaffin sau da yawa rabin doki ne ko kashi uku cikin huɗu, alhali tsaga inci 12 na ice mai tauri kamar ƙirya ko kawo yana son doki ɗaya da rabi ko fiye. Bai kuma ƙara wa wuyan ƙwari ba, sai ma ya ƙara masa saurin rangaji. To, sai a sake injin lantarki, sa'an nan a ga sifirin bai isa ɗaure faffaɗan ruwa ba, a sake shi, sa'an nan a ga ƙaramin ƙarfen da ke riƙe da wilin sama ya fara lanƙwasawa don an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Kowane gyara ya haifi ɗan'uwansa. A ƙarshe mutum ya kashe abin da ya kusa kuɗin babban inji, ga shi kuwa har yanzu ƙaramin inji gare shi, sai dai ya yi tsawo. Jaki ko an ɗaura masa sirdi ba ya zama ingarma, kuma ba laifin jakin ba ne.

Mai sayen tsohon inji da aka shigo da shi daga waje yana da wani abin lura ban da wannan. Wutar lantarkin Amurka tana kai da komo sau 60 cikin sakan guda, ta Ingila da Nijeriya da Nijar sau 50, kuma ƙarfin wutar gidajen Amurka wajen rabin na nan ne. Injin lantarkin da aka naɗa don wutar can, ko an rage masa ƙarfin wuta ya dace, zai yi gudu ƙasa da nasa da kashi ɗaya cikin shida, ya kan kuma yi zafi. Manyan injunan masana'anta kuwa galibi wuta mai layi uku su ke sha, wadda ba kowane shago ke da ita ba. Wannan duk ya shiga lissafi tun kafin a yi ciniki.

Zuwa nan magana ce ta ƙarfe, kuma ƙarfe ba ya ƙarya. Mai ƙarfen ne abin tsoro. Mutum iri biyu ne kan ɓata a wannan wuri, kowannensu kuwa yana da kyakkyawan suna da ya ke kiran cutarsa da shi.

Na ɗaya shi ne wanda idonsa ya riga ya faɗa kan sabo. Ya je shagon abokin sana'arsa ya ga inji mai sheƙi, ya dawo ya dubi nasa mai tsatsa, sai ransa ya ɓaci. Daga ran nan duk abin da tsohon ya yi laifi ne. Ƙarar da ya shekara goma yana ji ba ta dame shi ba, yau ta zama abin da ba ya jurewa. Yana kiran wannan bukata, yana cewa aiki ne ya ci gaba. Gwajinsa mai sauƙi ne: ya faɗi aiki guda wanda aka kawo masa cikin shekarar nan ya mayar don injinsa bai iya ba. In akwai, kuma suna da yawa, to bukatarsa gaskiya ce. In ya yi shiru yana tunani, kwaɗayi ne, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala, balle in da bashi za a saya. Inji sabo ba ya kawo masu ciniki da kansa, amma mai bin bashi ya san hanyar shago.

Na biyu ya fi wuyar kamawa, domin halinsa ya yi kama da na mutanen kirki, har jama'a kan yabe shi. Shi ne wanda ba ya rabuwa da tsoho ko ana ha maza ha mata. Ya kan ce injin nan shi ya aurar da shi, shi ya gina masa gida, yaya zai yi masa butulci? Wani kuma gado ya ci daga mahaifinsa, yana ganin fid da injin kamar fid da tsohon ne daga gida. Ba za a yi wa wannan ji dariya ba. Mutumin da ke tuna alheri har ga ƙarfe, da wuya ya manta na ɗan Adam, kuma ƙasar da mutanenta ke jefar da kome da ya kwana biyu ba ta tara kome. Da tsohuwar zuma a ke magani. Amma a tambaya, wa a ke yi wa godiyar? Ƙarfe bai san an gode masa ba, bai kuma san an sai da shi ba. Uban da ya bar injin, shi kansa sa'ad da ya saye shi sabo ne ya saya, ya ajiye zarton hannu da ya gada, don ya ga aikinsa zai fi kyau. Abin da ya bar wa ɗansa na ainihi shi ne sana'a da sunan kirki, watau a ce kujerar gidan wane ba ta rawa. In riƙon tsohon inji ya sa kujera ta fara rawa, to an riƙe kube an yar da wuƙa. Sau da yawa kuma, in an tona, ba godiya ce a ƙasa ba, rowa ce, ko tsoron koyon abin da ba a saba da shi ba. Sabo turken wawa.

Masu hikimar Yunanawa sun yi gardama a kan abin da ya yi kama da wannan. Marubucin nan Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan wani gwarzonsu, Tisiyas, wanda mutanen Atina suka adana shekaru masu yawa, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har aka rasa na asali ko ɗaya, malamai suka rabu biyu, waɗansu na cewa jirgin nan ne dai, waɗansu na cewa wani ne. Manomin da ke alfahari da fartanyar kakansa, wadda aka sake wa ƙota sau uku, ruwa sau biyu, ya san gardamar ko bai ji sunan Atina ba. Amfaninta ga kafinta ɗaya ne: wanda ya sake ruwa da roba da boris da injin lantarki da teburi, ya riga ya sayi sabon inji gutsure gutsure, da tsada, yana nan yana cewa shi ba ya sayen sabo.

Akwai wani tarko da ke kama irin mutumin nan, wanda ya kama har gwamnatoci. Shi ne ya ce, bara ya kashe kaza a kan injin, bariya kaza, in ya fid da shi yanzu duk wannan ya tafi a banza. Amma kuɗin bara ya riga ya tafi, ko an riƙe injin ko an sake shi ba ya dawowa. Abin da ke hannun mutum kuɗin gobe ne kaɗai, tambayar kuwa ita ce ina ya fi kyau a sa shi. Ingila da Faransa sun ƙulla yarjejeniya a 1962 su ƙera jirgin sama mai gudu fiye da sauti, Concorde. Kuɗin ya yi ta ninkawa, aka ga alamar ba zai mai da abin da aka zuba ba, amma aka ci gaba, ɗaya daga cikin hujjojin kuwa shi ne an riga an zuba da yawa. Jirgin ya fara tashi a 1969, ya fara ɗaukar fasinja a 1976, guda 20 kaɗai aka ƙera, aka ajiye shi a 2003. Har masana suka riƙa kiran irin wannan kuskuren lissafi da sunansa. In ministoci da akantocinsu sun faɗa, ba abin mamaki ba ne kafinta ya faɗa.

Maganin duka biyun, mai kwaɗayi da mai riƙo, tsohon tsarin ofis ya san shi. A zamanin En'e ba a share kayan hukuma daga littafi don kawai mai aiki da su ya ce sun lalace. Sai an naɗa waɗansu mutane dabam su je su gani da idonsu, su rubuta ko abin na gyaruwa ko a yi gwanjonsa. Ma'aikata kan yi gunaguni da jinkirin, amma hikimar a fili ta ke: wanda zai ji daɗin sabo bai kamata ya zama shi kaɗai ne alƙalin tsoho ba. Kafinta ba shi da kwamiti, amma yana da abokin sana'a wanda ba ya sai da inji, ba ya kuma neman sayen nasa da araha. Ya kira shi ya duba. Ya kuma buɗe littafi, in yana da shi, ya ga kwana nawa injin ya kwanta cikin shekara, nawa ya ci, katako nawa ya ɓata. Da ma tun injin na da ƙuruciya ya kamata a riƙa ware masa wani abu daga abin da ya ke samowa, don ranar tsufansa. Wanda ya cinye duk abin da inji ya kawo shekara ashirin bai ajiye kome ba, sa'ad da ranar ta zo ba zaɓi ya ke yi ba, talauci ne ke zaɓar masa, shi kuwa ya kira shi haƙuri.

Duk abin da aka faɗa har yanzu hasararsa a kan mai injin ta ke, kuma mutum na da iko ya yi wauta da dukiyarsa. Amma akwai wanda ba a shawarce shi ba, alhali hannunsa ya fi na kowa kusa da ruwan zarton. Shi ne yaron shago. Iyayensa sun kawo shi ya koyi sana'a, sun danƙa shi amana, ba shi da bakin cewa maigida injin nan ba shi da lafiya. In ya ƙi tsayawa gabansa a ce rago ne. Da yawa cikin tsofaffin injuna, musamman manya na da can, an ƙera su da wili a buɗe, waɗansu kuma murfinsu ya ɓace a hannun mai shi na biyu ko na uku ba a mayar ba. Ruwan zarto kuwa ya kan tsinke, ko a sabon inji, in ya tsinke babu murfi sai ya fyaɗo waje kamar bulala mai haƙora. Sabo da haka ne a ke hana mutum tsayawa ta gefen daman injin yana aiki. Babban wili mai nauyi, in an kashe wuta, ya kan daɗe yana juyawa shiru, yaro ya ɗauka ya tsaya ya kai hannu ya share guntu. Manyan injunan zamani da yawa suna da birki sabo da wannan.

Akwai kuma wani hatsari wanda ya fi tsanani a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama ta dawo ba sallama. Tsohon inji sau da yawa makunninsa irin na fitila ne, inda aka bar shi nan ya ke zama. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka, inji ya tsaya, kowa ya manta ba a kashe ba. Yaro ya zo yana zare katakon da ya maƙale, ko yana share teburi, wuta ta dawo. Akwai makunni mai maganaɗisu wanda ke sakin kansa da zarar wuta ta ɗauke, ba ya kuma tashi sai an danna shi da hannu. Kuɗinsa bai kai na katakon gado guda ba, kuma kowane tsohon inji na karɓarsa. Mai shagon da ya san da wannan bai sa ba, sa'an nan yatsun yaro suka tafi, ya ce ƙaddara ce, ya faɗi gaskiya rabi. Ƙaddara ce ga yaron. Shi kuwa maigida sakaci ya yi.

Dusar ma ba a bar ta a baya ba, ko da ya ke ita sannu ta ke kisa. A 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam, musamman a cikin hanci, kuma an san ƙurar loko da ta da asma da ƙaiƙayin fata. Sababbin injuna kan zo da kafar da a ke haɗa mazuƙin ƙura, tsofaffi da yawa ba su da ita, amma maƙeri na iya huda murfin ƙasa ya yi musu.

A nan ne ma'auni ya ke sake fuska. Gyaran da zai ƙara wa inji gudu ko tsawo, mai shi na da zaɓi ya yi ko ya bari. Murfi da makunni da abin rufe ruwa har kusa da katako, waɗannan ba ya da zaɓi a kansu muddin akwai ɗan wani a shagon. In injin na karɓar su, a yi masa su kafin kome, tsohon ya ci gaba da aikinsa, ya ma fi sababbi da yawa masu jikin gwangwani. In kuwa ba ya karɓa, ko wuyansa ya tsage har ba a amince da shi ba, to magana ta ƙare, ko na kakan kaka ne, ko kuwa babu kuɗin sabo a hannu. Gara a koma kai katako wurin masu tsagawa a 'yan katako a biya lada, har Allah ya hore.

Saura abu guda, wanda mutane kan ɗauka ba ya cikin tambayar, alhali yana ciki. In an yanke a sake, ina za a kai tsohon? In ƙarami ya yi wa aiki amma lafiyarsa ƙalau, masu wuri kan ajiye shi da siririn ruwa don yankan lanƙwasa, sabon kuma ya zauna da faffaɗan ruwa don tsaga, a huta da sauye sauye. Wani ya kan ba yaronsa da ya ƙware ranar sallamarsa, kyauta ce mai kyau in an gyara ta kafin a bayar. Amma in don tsaga aka rabu da shi, sai jarraba ta zo: a cike tsagar da ƙullun gyaran mota, a goge, a shafa fenti kore, a kai kasuwa. Mai saye kuwa kusan kullum wanda ya fi mai sayarwa talauci ne, sabon kafinta da ya tara 'yan kuɗinsa shekara biyu, wanda bai isa sayen sabo ba. Watau hatsarin da mutum ya ga ya fi ƙarfin shagonsa, sai ya sai da shi ga wanda ba shi da ko kuɗin asibiti. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda a ke karantawa a zaurukan malamai, ya hana ɓoye aibin haja, ya kuma ba wanda ya sayi abu ya tarad da aibi a ciki zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma mayar da inji ba ya mayar da yatsa.

Hanyoyin da suka rage wa mai irin wannan inji biyu ne. Ko ya kankare fentin wurin, ya kama hannun mai saye ya ɗora a kan tsagar, ya gaya masa tun yaushe ta ke, a yi ciniki a kan haka, a rubuta cikin rasit. Ko kuwa ya kwance injin lantarki da teburi da wili da duk abin da ke da sauran rai ya sayar dabam ga masu neman kayan gyara, gangar jikin kuma ya sa guduma ya ƙarasa ta, ya kira 'yan gwangwan su auna da kilo. Kuɗin da zai samu ta nan ba zai kai rabin na mai fenti ba, sai ya rage wannan daga abin da ya ke sa ran haɗawa ya sayi sabon.